Babu Nakasasshe Sai Kasasshe: To, Wa Ya Kasa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam Ya girmama shi, Ya bambanta tsakanin bayinSa a lafiya da arziki domin Ya jarrabi sashensu da sashe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, akwai wani abu da ni da kai muke gani kowace Juma'a, har mun saba da shi mun daina ganinsa. Ana sallame salla ka fito ƙofar masallaci, sai ka tarar da layi: ga makafi da 'yan jagoransu, ga guragu a kan katako mai taya, ga kutare sun miƙo ƙoƙo. Ka sa hannu aljihu ka jefa naira ɗari, su yi maka addu'a, ka tafi gida zuciyarka wasai. Allah Ya karɓa. Amma ka dubi makahon nan da kyau. Shekara goma da suka wuce shi ne dai a wurin, abin da ya canja kawai shi ne yaron da ke riƙe masa sanda, dā ƙanensa ne, yau ɗansa ne, kuma yaron nan ba ya zuwa makarantar allo, ba ya zuwa ta boko. Watau sadakar shekara goma ba ta fitar da mutum ɗaya daga bara ba, sai ma ta shigar da na biyu.

Tambayar da nake son mu tsaya a kanta ita ce: wannan ɗari da muke jefawa, ta sauke mana nauyin da Allah Ya ɗora mana game da waɗannan bayin Allah, ko kuwa akwai sauran hakki a wuyanmu? Mutane na cewa babu nakasasshe sai kasasshe. Magana ce mai kyau, amma kullum nakasasshen ake nufi da ita, a ce ya tashi ya nema. Ni kuwa ina son mu juya ta mu tambayi kanmu, a cikin wannan al'amari wa ya kasa?

Matsayin roƙo da matsayin sana'a

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, Musulunci bai mai da roƙo sana'a ba ga kowa. Bukhari ya ruwaito daga Zubairu ɗan Awwam cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya fifita mutum ya ɗauki igiya ya yo itace a bayansa ya sayar, a kan ya roƙi mutane su ba shi ko su hana shi. Ya kuma ba da labarin Annabi Dawuda cewa daga aikin hannunsa yake ci. A cikin hadisin Ƙabisatu da Muslim ya ruwaito, an iyakance halaccin roƙo ga mutum uku: wanda ya ɗauki bashi domin sulhunta mutane, da wanda wata masifa ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama shi har masu hankali uku daga mutanensa suka shaida. Su ma ɗin an yi musu iyaka, da zarar sun sami abin da za su tsaya da ƙafarsu sai su kame.

To, ka lura da kyau. Ba a ce makaho ba, ba a ce gurgu ba, ba a ce kurma ba. Abin da shari'a take dubawa shi ne buƙata da ikon nema, ba ido ko ƙafa ba. Gaskiya ne a cikin Suratul Fathi Allah Ya ɗauke wa makaho da gurgu da majinyaci laifin rashin fita yaƙi. Yaƙi aka ɗauke musu. Ba a ɗauke musu neman ilmi ba, ba a hana su kasuwa ba, ba a ce su zauna a bakin hanya su jira abin hannun mutane ba. Mu ne muka ƙara wannan da kanmu.

In kana son ka ga yadda magabata suka fahimci abin, dubi Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Makaho ne, shi ne ya zo yana neman a karantar da shi alhali Annabi yana zance da manyan Ƙuraishawa, aka saukar da farkon Suratu Abasa a kan sha'aninsa. Daga baya me aka yi da shi? An ba shi aiki. Shi ne ladani tare da Bilal, kuma sau da yawa in Annabi zai fita sai ya bar shi a Madina yana yi wa mutane limanci. Dubi Aɗa'u ɗan Abi Rabah, wanda ya rasu wajen shekara ta 114 bayan Hijira: gurgu ne, hannunsa shanyayye, a ƙarshen rayuwarsa ya makance, amma shi ne mai ba da fatawa a Makka. Dubi Abdurrahman ɗan Hurmuz, wanda malaman hadisi suka fi sani da Al-A'araj, watau gurgu: almajirin Abu Huraira ne, kuma rubuta Alƙur'ani yake yi da hannunsa. A zamaninmu ma Shaihu Abdul'aziz ɗan Baz ya makance tun yana saurayi, ya yi alƙalanci, ya shugabanci jami'ar Madina, ya zama babban mufti na Saudiyya daga 1993 har rasuwarsa a 1999. Ka tambayi kanka, da a unguwarmu aka haifi ɗaya daga cikin waɗannan, a ina zai ƙare? Wallahi ana jin tsoron a ƙofar masallaci za mu same shi da ƙoƙo.

Waɗanda suka kasa

Na farkon wanda ya kasa shi ne uba. Yaro ya kwanta zazzaɓi ya tashi ƙafa ta shanye, sai uban ya yanke hukunci a zuciyarsa cewa wannan ya tashi daga aiki. 'Yan'uwansa a kai su makaranta, a kai su koyon ɗinki ko kafinta, shi kuwa a bar shi a zaure. Wani ma ɓoye shi yake yi a ƙuryar ɗaki don kunya, musamman in 'ya mace ce. Wani kuwa, wa'iyazu billahi, sai ya ga ai jari ne ya samu, a ɗora yaron a baro a tura shi tasha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tashi bai san komai ba sai miƙa hannu, in ya shekara talatin ka zo kana yi masa wa'azin sana'a, ka makara.

A unguwar da na tashi akwai yara biyu da shan-inna ta taɓa a shekara ɗaya. Mahaifin ɗaya baduku ne, ya ce ai dukanci a zaune ake yinsa, ya zaunar da ɗansa kusa da shi ya ba shi basilla. Yau mutumin nan yana da rumfa, yana da iyali, har yara masu ƙafa biyu suna koyon aiki a hannunsa. Ɗayan kuwa aka ce a ji tausayinsa kada a wahalar da shi. Har gobe yana bakin titi. Ciwonsu ɗaya, garinsu ɗaya, abin da ya raba su shi ne abin da aka sa musu a hannu suna ƙanana.

Na biyu shi ne mai sana'a. Kai tela, kai mai walda, kai mai gyaran waya, yara nawa ka yaye? A cikinsu nakasasshe nawa ne? In an kawo maka kurma sai ka ce yaya za a yi ka yi masa bayani, alhali kurame suna da maganar hannu da suke fahimtar juna da ita sarai, kuma rabin koyon sana'a da ido ake yinsa. In an kawo maka gurgu sai ka ce ba zai iya aike ba. Ashe ɗan aike kake nema, ba almajirin sana'a ba. Tun dā can an san makafin ƙasar Hausa da tufkar igiya, mutane na saye suna ɗaure dabbobinsu da ita. A Kano akwai ƙungiyar waɗanda shan-inna ta taɓa, suna da wurin walda inda suke ƙera keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Wanda ya iya yanka ƙarfe ya lanƙwasa shi ya haɗa keke, ƙofa da taga ne za su gagare shi?

Na uku shi ne mai saye, watau ni da kai. Wannan shi ne wurin da ya fi ciwo. Makaho zai zo maka da tabarma ko igiya da ya saƙa, ka taya ta da wulaƙanci kana neman ragin naira hamsin, ya wuce. Gobe in yunwa ta sa ya dawo da ƙoƙo, ka ba shi ɗari ba tare da ciniki ba. Me ka koya masa? Ka koya masa cewa a wurinka roƙonsa ya fi guminsa daraja. Ya kamata mu binciki zukatanmu a nan. Jefa kuɗi a ƙoƙo abu ne mai sauƙi, ba ya cin lokaci, ana yi maka addu'a nan take, kai ne a sama shi ne a ƙasa. Amma ka zauna da shi ku yi ciniki, ya ce albarka, ka ƙara, wannan yana nufin ka yarda ku biyu daidai kuke. Da yawa daga cikinmu wannan ne ba mu so, ko da ba mu faɗa ba.

Na huɗu su ne mu al'umma a dunƙule, da masu riƙe da al'amuranmu. Wani makaho Bafaranshe mai suna Louis Braille ya ƙago rubutun makafi da ake karantawa da yatsa tun 1824, kuma yau har Alƙur'ani ana bugawa da shi. 'Yan mishan sun buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953. Mu da muke da labarin ɗan Ummu Maktum muna karanta shi a cikin salla, Islamiyya nawa muke da ita a garinmu da makaho ko kurma zai shiga ya sami malamin da ya iya koyar da shi? Mun gina masallatai da shaguna da matakala goma goma, ba mu bar gangara ɗaya da mai keke zai hau ba.

Ta fuskar hukuma kuwa, a watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su ware wa nakasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta hana a yi amfani da nakasasshe wajen bara, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna musu bambanci, da naira miliyan 1 ga kamfani. A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. Wa'adin shekara biyar ɗin ya cika a Janairu 2024. Ka shiga ofisoshi da asibitoci da bankunan garinku ka duba da idonka, kai ne shaida. Doka a takarda ba ta ɗaga keke ta hau bene.

Haka nan irin koyar da sana'ar da ake yi don a ɗauki hoto. A tara mutane mako biyu, a koya wa kowa yin sabulu ko da garin ya cika da masu sabulu, a miƙa wa wanda ba ya da ƙafa keken ɗinki na ƙafa, a tafa, a watse. Babu jari, babu rumfa, babu wanda zai dawo bayan wata uku ya ga halin da ake ciki. In ya sayar da keken ya ci abinci sai a ce kun gani, ai dā ma ba sa son sana'a. Wannan zalunci ne a kan zalunci. Yaronka lafiyayye shekara nawa yake yi a gaban tela kafin a yaye shi?

In ka ce, sai in ce

In ka ce ai ƙaddara ce, Allah ne Ya yi su haka, sai in ce gaskiya ne, makanta ƙaddara ce, mun yi imani da ita. Amma hana makaho karatu aikinka ne, kuma za a tambaye ka. Wanda aka jarraba da rashin ido, haƙuri ake nema a wurinsa. Kai da aka jarraba da ido biyu da dukiya da shago, me ake nema a wurinka? Kada ka ɗauki jarrabawarsa ka rufe taka da ita.

In ka ce ai su ne ba sa so, bara ta fi kawo musu kuɗi, sai in ce akwai masu irin wannan hali, ba a musu, kuma muna yi musu nasiha su ji tsoron Allah, domin an yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya mai da roƙo hanyar tara dukiya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma wa ya sa bara ta fi sana'a riba? Kasuwa ce, mu ne masu sayen. Ran da muka buɗe musu ƙofar aiki muka riƙa sayen kayansu da daraja, lissafin zai canja. Kuma ba adalci ba ne a kori mutum daga titi da mota da sanda alhali ba a tanadar masa inda zai nufa ba. Jihar Kano ta yi dokar hana bara a 2013, wasu jihohi ma sun yi irinta, amma kora kaɗai ba ta taɓa raba mai jin yunwa da titi ba.

In ka ce to, kana nufin mu daina sadaka ke nan? A'a, Allah Ya kiyaye. Mai jin yunwa yau abinci yake buƙata yau, kada ka kore shi, kada ka yi masa tsawa. Kuma akwai waɗanda ba za su iya kowace sana'a ba, kamar tsoho tukuf, da wanda jikinsa duka ya shanye, da mai taɓin hankali. Waɗannan ciyar da su wajibi ne a kan danginsu, in babu sai a kan jama'a da baitulmali, a kai musu har gida ba sai sun fito rana ba. Abu Yusuf ya kawo labarin Sayyidina Umar da ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sa'an nan ya umarci mai baitulmali ya kula da shi da ire-irensa. Malaman tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 86 zuwa 96 bayan Hijira, ya yanka wa kutare abin masarufi ya hana su roƙo, ya ba makafi 'yan jagora, ya ba guragu masu hidima. Ka ga sai da aka ba su sa'an nan aka hana su.

Abin da nake cewa shi ne a gyara hanyar bayarwa. Malaman Malikiyya sun halatta a ba matalauci daga zakka abin da zai ishe shi shekara. Imam Nawawi, daga malaman Shafi'iyya, ya bayyana cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, ɗan kasuwa kuma a ba shi jari gwargwadon kasuwancinsa. To, ina hikimar attajirin da zai canja zakkarsa zuwa ƙananan kuɗi ya tara mutum dubu a ƙofar gidansa suna turereniya, kowa ya tafi da abin da ba zai kai shi jibi ba? Da ya zaɓi mutum goma ya tsayar da su, baɗi wataƙila waɗansunsu su ma masu bayarwa ne.

Abin da za ka iya yi

Kada ka ce wannan aikin gwamnati ne ka naɗe hannu. Yi lissafi da ni. Masallacin da mutum 200 suke salla, in kowa ya ajiye naira 100 ran Juma'a, an sami 20,000 a mako, a shekara an haura miliyan ɗaya. Kuɗin nan dā ma muna fitar da su, a warwatse ne kawai. A sami amintattu uku ko huɗu, a sa nakasasshe a cikinsu, domin shi ya san inda ke yi masa ciwo. A je wurin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu na gari, su sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. A tambayi mutum abin da yake so kuma yake iyawa, kada a zaɓa masa. Wani ɗinkin hula, wani kiwon kaji, wani injin markaɗe, wani gyaran waya, wani aikin kwamfuta, wani kuwa karatu ne a ransa, a biya masa har ya gama. A haɗa shi da maigidan da zai koya masa sosai, a yaye shi da kayan aikin da suka dace da jikinsa, a ba shi rance marar ruwa ya riƙa biya kaɗan kaɗan domin na bayansa ya samu. Kada a manta da mata, domin su ne suka fi shiga ƙunci kuma su ne ba a gani.

Kai mai shago, ɗauki yaro ɗaya a bana. Kai mai gini, bar gangara a ƙofa. Kai mai ɗaukar ma'aikata, in takardunsa sun cika kada sandarsa ta sa ka ture shi. Kai mai saye, ka saya da kuɗin da kayan suka cancanta, kuma in ɗinkin bai yi kyau ba ka mayar masa ya gyara kamar yadda za ka yi wa kowane tela. Wannan girmamawa ce. Wanda ka karɓi aikinsa marar kyau ka yi shiru don tausayi, sadaka ka ba shi a ɓoye, kuma ka hana shi ƙwarewa.

Kada kuma ka ɗauka maganar waɗansu ake yi. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke da wata nakasa, watau kusan mutum ɗaya cikin shida. Alhamdu lillahi a watan Agusta 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji daga Afirka, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan tare da mu, samari ne da magidanta. Ga haɗarin mota da babur, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga tsufa. Wanda ya fita da ƙafarsa da safe ba ya da tabbacin da ita zai dawo. Gangarar da ka gina yau, mai yiwuwa kai za ka hau ta gobe.

Saboda haka, ɗan'uwa, Juma'a mai zuwa in ka fito ka jefa abin da ka saba jefawa, ka ɗan tsaya. Ka yi masa sallama, ka tambayi sunansa, ka tambaye shi abin da ya iya da abin da yake so ya koya, ka tambayi yaron da ke riƙe da sandar ko yana zuwa makaranta. Daga nan aikin yake farawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya wadata mu da halalinSa, Ya tsare fuskokinmu daga ƙasƙancin roƙo, Ya sa mu zama mabuɗan alheri ga 'yan'uwanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.